Masu Karanta Taswirar Dangi

Duk cikin kayan aikin asibiti babu mai arha kamar farar takarda da fensir. Amma a hannun likitan da ya ƙware a cututtukan gado, su ne kan fara nuna maɓoyar ciwo tun kafin a ɗebi jini ko a shigar da yaro na'urar hoton ƙwaƙwalwa. Abin da yake yi da su shi ne zana taswirar dangi. Namiji murabba'i ne, mace da'ira. Mai ciwon sai a cike nasa da baƙi, wanda ya rasu a ja masa layi a karkace, cikin da ya zube a sa masa ɗan ƙaramin alwatika. Layi ɗaya tsakanin namiji da mace aure ne, layi biyu auren zumunci. Ana ɗora 'yar kibiya kan wanda aka kawo asibiti, daga nan a hau sama wurin iyaye da kakanni, a bazu gefe wurin 'yan uwa da 'ya'yansu, har a cika aƙalla hawa uku. A 1995 ƙungiyar masu ba da shawara kan cututtukan gado ta Amurka ta daidaita waɗannan alamomi, shi ya sa likita a Kano zai karanta taswirar da aka zana a Tokyo ba sai da tafinta ba.

Zanen kansa ɗan firamare ma zai koya a yini guda. Gwanintar tana wurin tambaya. Ba wanda ke zuwa asibiti da tarihin danginsa a jere. Ka tambayi uwa 'ya'yanta nawa, rayayyu za ta lissafa maka. Wanda ya koma yana ɗan kwana uku ba za ta kawo shi ba, don ba ta ga abin da ya haɗa shi da ciwon yau ba, ko kuma don tuna shi yana da zafi. Gwani ya san haka, sai ya sauya tambayar: "Baiwar Allah, ciki nawa kika yi gaba ɗaya, har da waɗanda ba su zo da rai ba?" A wurinmu kuma ga alkunya, uwa na kauce wa ambaton ɗan fari. Ga ɗan riƙo da ke kiran gwaggonsa uwa. Ga "ɗan'uwana" da zai iya zama ɗan baffa ko ɗan kawu, don haka dole a bi a hankali: "Uwa ɗaya uba ɗaya kuke, ko 'yan uba ne?" Wanda ya yi gaggawa a nan zai zana taswira mai kyan gani amma ta ƙarya, kuma duk abin da aka ɗora a kanta daga baya zai karkace.

In zane ya kammala, idon gwani hanyar da baƙaƙen alamomin suka bi yake nema. Akwai ciwon da ke sauka hawa bayan hawa ba ya bambanta mace da namiji. Akwai wanda iyaye lafiyarsu ƙalau amma 'ya'ya biyu ko uku su kamu, yadda muka saba gani a sikila. Na uku shi ne wanda ke tafe a kan kuromosom X, kuma shi ne abin da ya kawo ni wannan rubutu. Mace X biyu gare ta, namiji X ɗaya da Y ɗaya. Uba Y yake ba ɗansa, X kuma 'yarsa. Ke nan duk abin da ke kan X ba ya taɓa bi daga uba zuwa ɗa namiji, amma kowace 'ya mace sai ta karɓi na ubanta. Uwa kuwa ɗaya daga cikin nata biyu take miƙa wa kowane ɗa. In akwai ƙwayar gado da ta lalace a kan X, mace na da ta biyu mai lafiya da za ta rufa mata asiri, namiji ba shi da madogara. Shi ya sa ɗalibin likita ke haddace cewa ciwon X na maza ne, ta wajen uwa yake zuwa, kuma a nemi kawun yaro.

Kyakkyawan misalin wannan ƙa'ida wani ciwo ne na taruwar ruwa a ƙwaƙwalwa. A 1949 likitoci biyu, Bickers da Adams, suka bayyana wasu dangi da ake haifa musu jarirai maza da kai a kumbure, saboda siririyar hanyar da ruwan ƙwaƙwalwa ke bi ta tsuke. A 1961 John Edwards da abokan aikinsa a Ingila suka kawo wasu dangin masu mutum 15 da ciwon ya kama, ya kuma bi ta wajen mata zuwa 'ya'yansu maza. Likitocin da suka san wannan ciwo, in an kawo musu jariri namiji mai babban kai, ba kan kaɗai suke dubawa ba. Sukan buɗe tafin hannunsa. A da yawa daga cikin irin waɗannan yara babban yatsa a lanƙwashe yake, kwance a kan tafi, ba ya miƙewa ko da watanni sun shuɗe. Wannan ɗan yatsa yana gaya wa mai lura cewa matsalar ta wuce toshewar hanyar ruwa, ta kai ga yadda aka shimfiɗa jijiyoyin tun a ciki.

An ɗauki shekaru kafin a gane dalili. A 1984 Fritz Rathjen da Melitta Schachner a Jamus suka bayyana wani furotin a ƙwaƙwalwar ɓera da ake kira L1. Zama yake a fatar ƙwayar jijiya, jikinsa a waje, wutsiyarsa a ciki ta kama ƙashin ƙwayar, aikinsa kuma ya riƙe ɗan'uwansa L1 da ke kan ƙwayar da ke maƙwabtaka. Lokacin da ɗan tayi ke girma, kowace ƙwayar jijiya tana miƙa dogon zare zuwa inda aka nufe ta, wani daga saman ƙwaƙwalwa har cikin laka. Zaren da ya fara wucewa shi ne na baya ke bi, suna manne da shi, har su zama dami. A 1992 André Rosenthal da Monique Jouet da Susan Kenwrick a Cambridge suka samu lalacewa a ƙwayar gadon L1, can ƙarshen dogon hannun kuromosom X, a cikin dangi masu wannan ciwo. Bayan shekara biyu aka tabbatar cewa wasu cututtuka biyu da ake ɗauka daban suke, ɗaya mai sandarar da ƙafafu, ɗaya mai haɗa jinkirin magana da tafiyar jan ƙafa da lanƙwasar yatsa, duk daga wannan ƙwayar gado suka fito. Da aka samar da ɓerayen da ba su da L1, sai aka ga zaren jijiyoyin da ya kamata su ƙetara daga wannan ɓari zuwa wancan a gindin ƙwaƙwalwa da yawa sun kasa ƙetarawa. Ana ƙiyasta cewa nau'in mai taruwar ruwa na samun kusan ɗa namiji 1 cikin 30,000. Tiyatar sa bututu tana rage matsin ruwan, tana kuma ceton rai, amma ba ta gyara zaren da ya ɓata hanya, kuma likitan kirki kan faɗa wa iyaye haka tun farko.

Duk wannan ya bi littafi sau da ƙafa. Sai ga wata taswira da ta zo a juye.

A 1971 Richard Juberg da Hellman suka wallafa labarin wasu dangi a Amurka da farfaɗiya ta kama mata 15 a cikinsu tun suna ƙanana, da yawansu kuma fahimtarsu ta samu naƙasu. Maza ko ɗaya bai kamu ba. Abin da ya fi ɗaure kai shi ne yadda matan suka haɗu: ko dai 'yan ɗaki ɗaya ne, ko 'ya'yan wa da ƙane, wato ta wajen iyayensu maza zumuncin ya biyo, iyayen nan maza kuwa lafiyarsu lau. Ka ɗauki taswirar L1 ka juya ta, inda murabba'i yake baƙi ya koma fari, da'ira ta koma baƙa, kusan abin da suka gani ke nan.

A nan nake fara jinjina wa mutanen wannan sana'a. Farfaɗiya ba baƙon ciwo ba ce, kuma abu ne mai sauƙi a ce dacewa ce kawai ta sa ta faɗa kan mata a gida ɗaya. A lokacin babu hanyar karanta ƙwayoyin gado, babu kuma wata ƙa'ida a littafi da ta yi daidai da abin da ke gabansu. Amma suka yarda da takardar. Suka rubuta abin da suka gani yadda suka gan shi, suka bar wa na baya. A 1990 Fabisiak da Erickson suka koma wurin waɗannan dangi. 'Yan matan da sun girma, samarin sun yi aure, an samu sabon hawa, kuma kowane jariri da aka haifa a tsakani sabuwar shaida ce. Suka faɗaɗa taswirar, suka ga salon bai canza ba. A 1997 Stephen Ryan da abokan aikinsa suka bi alamomin DNA a jinin dangin, suka nuna cewa lallai a kan kuromosom X abin yake, a tsakiyar dogon hannunsa. Ciwon X ne, amma maza yake tsallakewa.

Har zuwa lokacin dangi ɗaya tak aka sani a duniya, kuma da dangi ɗaya da wuya a kama ƙwayar gado guda a cikin ɗaruruwa. Wadda ta buɗe ƙofar ita ce Ingrid Scheffer, likitar ƙwaƙwalwar yara a Melbon ta Ostireliya, wadda ita da Samuel Berkovic suka shahara da nazarin farfaɗiya dangi-dangi. Suna cikin waɗanda suka gano ƙwayar gadon farfaɗiya ta farko a 1995. A 2008 ta wallafa bayanin ƙarin dangi huɗu, biyu a Ostireliya biyu a Isra'ila, masu irin wannan salo, ta kuma ja hankalin likitoci cewa ciwon ya fi yadda ake zato yawa, gane shi ne ba a yi. Dalilin a fili yake in ka yi tunani. Likita ya tambayi uba ko yana da farfaɗiya, ya ce a'a. Ya tambayi uwa, ta ce babu a danginsu. Sai a rufe fayil a rubuta cewa ba na gado ba ne. Ba wanda ya tambayi gwaggon yarinyar, ko 'ya'yan baffanta mata, ko kakarta ta wajen uba da aka ce ta yi "taune-taune" tana ƙarama sannan ta daina. Tambaya ɗaya da ba a yi ba ta isa ta binne amsar.

A wannan shekarar ta 2008 ne Leanne Dibbens da Jozef Gecz na Adelaide, tare da su Scheffer da masu bincike na cibiyar Sanger a Ingila, suka kama ƙwayar gadon. An bi ƙwayoyin gado 737 na kuromosom X ɗaya bayan ɗaya ana karantawa, aka samu lalacewa a guda ɗaya, mai suna PCDH19, a dangi bakwai, kowane dangi da irin tasa lalacewar. Shekara 37 ke nan bayan rubutun Juberg da Hellman. Abin da ta ke samarwa kuwa, shi ma furotin ne mai manna ƙwayoyin halitta da juna.

Sai mu ɗan koma baya. Tun 1907 Henry Wilson a Amurka ya tace soson teku, wata halitta mai rai, ta cikin ƙyallen siliki har ƙwayoyinsa suka rabu ɗai-ɗai, sannan ya ga sun sake neman juna sun haɗe sun zama soso. Daga nan aka san ƙwayoyin halitta na da hanyar gane 'yan uwansu. A Japan, Masatoshi Takeichi ya gano wani babban gida na furotin masu mannewa waɗanda ba sa aiki sai da sinadarin kalsiyum, ake kiransu kadherin, kuma a 1993 Shintaro Suzuki da abokan aikinsa suka bayyana wani reshe nasu da ya fi yawa a ƙwaƙwalwa, wato furotokadherin. PCDH19 ɗan wannan reshe ne. Gaɓoɓi shida gare shi a wajen ƙwaya, kalsiyum ne ke shiga tsakanin gaɓa da gaɓa ya tsayar da su a miƙe, kuma ya fi son kama irinsa. Biyu daga cikin lalacewar da aka samu a 2008 sun faɗa daidai wuraren da kalsiyum ke zama. Ƙwayar da ke ɗauke da shi da wadda ba ta da shi, in sun haɗu, riƙonsu ba ya zama daidai.

To amma me ya sa namijin da ba shi da wannan furotin kwata-kwata yake lafiya, mace mai rabi take ciwo? Hankali cewa zai yi rabi ya fi babu. Amsar ta fara ne daga wani aiki da ba ruwansa da farfaɗiya. A 1961 Mary Lyon a Ingila ta lura da ɓeraye mata masu dabbare-dabbaren gashi, ta kawo bayanin cewa a jikin kowace mace, tun ɗan tayi na 'yan kwanaki, kowace ƙwaya tana kashe ɗaya daga cikin X ɗinta biyu. Wannan ta kashe na uba, waccan ta kashe na uwa, babu tsari, kuma duk 'ya'yan da ƙwaya ta haifa daga baya zaɓinta suke bi. Duk wanda ya taɓa lura da kyanwa mai baƙi da ja da fari a jiki ɗaya ya ga wannan da idonsa, shi ya sa kusan kullum irinta mace ce. Ke nan yarinyar da ta gaji lalatacciyar PCDH19 ba rabin furotin take da shi a kowace ƙwaya ba. Ƙwayoyi iri biyu ne a ƙwaƙwalwarta, wasu da shi cikakke, wasu babu ko ɗigo, a gauraye. Mahaifinta kuwa ƙwayoyinsa duka iri ɗaya ne, duk babu.

Magini zai fahimci wannan nan take. Ya ɗora katanga da bulo mai inci tara daga tushe har sama, za ta tsaya. Ya yi da mai inci shida kaɗai, ba ta kai waccan kauri ba, amma ita ma za ta tsaya. Ya gauraya su a sahu ɗaya kuwa, nan ne haɗin ke ƙin zama, tsaga ta biyo baya. Inda ƙwaƙwalwa ta wuce katanga shi ne bulonta rayayyu ne, suna motsi, kowanne na neman irinsa.

Wannan bayani da farko zato ne, kuma hujjarsa ta zo ta hanyar da ta fi burge ni a duk labarin. A 2009 Christel Depienne da abokan aikinta a Paris suna binciken yaran da ke da farfaɗiya mai tsanani irin ta Dravet amma ba a samu sananniyar ƙwayar gadon wannan ciwo ta lalace a jikinsu ba. Sai suka ci karo da yaro namiji da PCDH19 ta ɓace masa, ga shi kuma yana fama da ciwon. Bisa abin da aka wallafa shekara ɗaya kacal kafin nan, bai kamata ya kamu ba. Mai son binciken nasa ya tafi sumul zai iya ajiye yaron gefe ya ce wani abu ne daban ke damunsa. Su kuwa suka ɗauki ƙwayoyin fatarsa suka duba su ɗaya-ɗaya, suka tarar wasu na da ƙwayar gadon, wasu babu. Ɓacewar ta faru ne bayan an ɗauki cikinsa, a wani sashe na ƙwayoyinsa kawai. Namiji ne, amma jikinsa a gauraye yake kamar na 'yan matan. Shi da ake ganin zai rushe bayanin, shi ya tsayar da shi: abin da ke kawo ciwon gauraya ce, ko a jikin wa take. A binciken nan kuma suka samu 'yan mata 11 da ba su da alaƙa da juna masu lalacewa a wannan ƙwayar gado, abin da ya nuna ciwon ba na 'yan tsirarun manyan dangi ba ne kawai. Sun aro bayanin nasu ne daga wani ciwon ƙashin kai da fuska wanda shi ma yake kan X, yake kuma tsananta ga 'ya'ya mata fiye da iyayensu maza.

Saura a gani da ido. A 2018 Daniel Pederick da Paul Thomas da abokan aikinsu a Adelaide suka yi wa ƙwayoyin launi a ƙwaƙwalwar 'yan tayin ɓeraye mata masu irin wannan gado. Maimakon iri biyun su cakuɗa, sai aka ga sun ware, masu furotin sun taru wuri guda, marasa shi sun taru nasu wurin, gungu-gungu a ɓawon ƙwaƙwalwa, kuma motsin lantarkin ƙwaƙwalwar ɓerayen ya sauya. Daga nan suka yi gwajin da ya rufe bakin gardama: suka cire sauran kwafin mai lafiya ma, ƙwayoyin duka suka zama iri ɗaya. Wariyar ta ɓace, motsin lantarkin ya koma daidai. A 2021 Naosuke Hoshina da Hisashi Umemori a Boston suka ƙara nuna cewa a sashen ƙwaƙwalwa mai riƙe tunani, in zaren jijiya mai furotin ya sauka kan ƙwayar da ba ta da shi, mahaɗar da ke tsakaninsu ba ta ginuwa da kyau, kuma ɓeraye mata ne kaɗai abin ya shafa. Abin da fensir ya hango a 1971, sai bayan kusan rabin ƙarni madubin bincike ya cim masa.

A ɗakin duba marasa lafiya ga yadda ciwon ke zuwa. Yarinya ce da aka haifa lafiya, sai kafin ta cika shekara uku, sau da yawa ma kafin ta cika ɗaya, jijjiga ta fara. Ba ɗai-ɗai take zuwa ba, a jere take zuwa, sau da yawa a yini, na kwana biyu ko fiye, galibi in zazzaɓi ya taso, sannan ta lafa na makonni ko watanni. Wasu yaran kan ƙwalla ƙara irin ta firgita a farkon jijjigar. A shekarun farko magani kan sha wuyar danne ta, amma ga da yawa tana raguwa in sun doshi balaga. Fahimta kuwa ta bambanta ƙwarai: akwai masu karatunsu lafiya lau, akwai masu naƙasu mai tsanani, akwai masu matsalar hali da mu'amala. Akwai ma matan da suka gaji lalacewar ba su taɓa jijjiga ba. Wataƙila yadda cacar kashe X ta faɗa a ƙwaƙwalwar kowace yarinya yana da hannu a wannan bambanci. Da yawa kuma lalacewar a kansu ta fara, babu ita a jinin uwa ko uba, don haka taswira fara tas ba ta kore ciwon.

Amfanin taswirar ga iyali a bayyane yake. Namijin da ke ɗauke da lalatacciyar PCDH19, duk 'ya'yansa mata za su gaje ta, maza kuwa ko ɗaya. Macen da ke da ita, kowane ciki rabi da rabi ne; in mace ce ta gada tana iya kamuwa, in namiji ne zai ɗauka shiru ya kai wa nasa 'ya'yan mata. A L1 kuwa uwa mai ɗauke da ita kowane ɗa namiji rabi da rabi ne. Kuma gidajenmu na mata biyu ko uku, da matan da suka yi aure fiye da sau ɗaya, suna ba mai karanta taswira hujjar da takwaransa na Turai ba kasafai yake samu ba. In uwargida da amarya ba su haɗa dangi ba, amma 'ya'yansu mata na jijjiga iri ɗaya, maza kuwa lafiya, ido wajen uba zai koma. In mace ta haifi maza masu babban kai a gidan miji na farko da na biyu, wajen danginta za a duba. Na kawo wannan ne da sanin cewa a gidaje da yawa uwa ake fara ɗora wa laifi in yaro ya zo da lalura, har aure ya mutu a kan haka. Ba uwa ba uba, babu wanda ya zaɓi X ɗin da zai bayar, kuma gwanin wannan aiki ana gane shi ne da yadda yake faɗar gaskiyar ba tare da ya bar ɗayansu ya fita da kunya ba. Wannan ɓangaren ba a koyonsa daga zane, kuma a ganina shi ya fi wuya.

Kada mai karatu ya ɗauka duk farfaɗiya ko duk babban kai gado ne. A ƙasashenmu farfaɗiyar yara da yawa daga wahalar haihuwa take, da zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa, da sanƙarau, da buguwar kai. Taruwar ruwa kuma sau da yawa bayan ciwon da ya shiga ƙwaƙwalwar jariri take biyowa, ko tare da buɗaɗɗen ƙashin baya. Waɗannan cututtuka biyu da na kawo ba su da yawa. Gwajin DNA da zai tabbatar da su yana da tsada, kuma ba kowane asibiti ke yinsa ba. Amma wannan shi ya ƙara wa takarda da fensir daraja a wurinmu, domin su ne za su ware 'yan tsirarun da ya kamata a kashe wa kuɗin gwajin daga cikin ɗaruruwa. Likitan da ya ba da minti goma sha biyar ya zana hawa uku ya yi aikin da ba ya buƙatar wutar lantarki, kuma ina ganin ya kamata a riƙa yinsa ga duk yaron da jijjiga ta maimaita masa.

Ku kuma iyaye, rabin wannan gwaninta a hannunku take, don likita ba zai zana abin da ba a gaya masa ba. Tsofaffinmu sun riƙe wa ya haifi wa har hawa biyar ko shida, sun san wadda ta yi ta suma tana ƙarama, sun san jaririn da aka haifa da babban kai bai yi kwana ba. Ku zauna da su tun suna raye ku rubuta, ɓangaren uwa daban, ɓangaren uba daban, har da waɗanda suka rasu da cikin da ya zube. Farfaɗiya ba a ɗaukarta ta yawu ko taɓawa, ba kuma abin ɓoyewa ba ce. In 'yarku na jijjiga a jere duk lokacin da zazzaɓi ya taso, ku kai ta asibiti da wuri, ku tafi da wannan takarda, kuma in akwai gwaggo ko 'yar baffa da ta taɓa yin irin haka, ku faɗa wa likita ko da bai tambaya ba.